Rabon Uwar Wuta

Wannan ba tatsuniyar dare ba ce, ba sai kun ce ta zo ku ji ta ba. Da rana ta faru, idona biyu, da goyo a bayana. Abin da ya tono mini ita kuwa wani ƙarfe ne da ɗana na fari ya kawo mini daga Maradi, mai jan tulu a gindi, wai shi gaz. A murɗa, a ƙyasta birike, wato ƙyastun zamani, sai wuta shuɗiya ta tashi tsit, ba ƙara ba hayaƙi. Ya ce, "Inna, daga yau kin huta. Babu ke babu hura wuta, babu ke babu yawon gidajen mutane da kasko." Na ce Allah shi yi albarka, don ɗa ya yi abin ɗa. Amma da ya juya baya na tsaya ina kallon abin, na ce a raina, ke kuma wace irin wuta ce da ba kya gaya wa maƙwabta an ɗora tukunya?

A lokacin da aka kawo ni gidan miji, a wani ƙauye da ke gabas da Maijirgi, gari da kunne ake saninsa, da hanci, da ido. Kafin rana ta fito za ka ji guga na bugun bakin rijiya, jakuna na kuka, taɓare na amsa wa juna daga wannan gida zuwa wancan kamar masu gaisuwa. Daga nan sai hayaƙi. Kowane gida da nasa. Na karan dawa fari ne mai saurin tashi, na kashin shanu mai nauyi ne, ya kwanta bisa danga yana rarrafe. Mace in ta fito tsakar gida ta ɗaga kai, ta karanta gari kaf, ta san wa ya tashi lafiya, wa ya makara, wa zai ci, wa zai kwana haka nan. Ashana kuwa sai a kasuwar Urafan, ita ma ta maza ce masu shan taba. Mu wutarmu binne ta muke yi a toka, mu rufe da kasko, da safe mu tone. Wadda tata ta mutu sai ta ɗauki kaskon ta shiga gidan da ta ga hayaƙi, ta yi sallama, ta ce a ba ta wuta. Ba a hana wuta. Ko jiya kun yi zage-zage har an raba ku, yau in ta zo da kasko sai ki zuba mata garwashi, ki ɗora toka kaɗan don kada iska ta cinye. Kuma muna da wata al'ada, ban san ko ta ko'ina ba ce, amma tamu ce. Wadda kika ɗebo wuta a murhunta, ita ce uwar wutarki ta ranar nan. Duk abin da wutar ta dafa, ko dafaffen wake ne, sai kin kai mata loma. Wannan shi ake kira rabon uwar wuta. Ba kyauta ba ne, ba a yin godiya a kansa. Haƙƙi ne, kamar yadda kaza ke da haƙƙin tsaba a gindin turmi.

Gidanmu ne uwar wutar unguwa, saboda uwar mijina, wadda muke kira Iya. Tsohuwa ce gajera mai sanda, ba ta da yawan magana, amma wutarta ba ta taɓa mutuwa. Takan ce mini, "Amarya, riƙon wuta da riƙon mutum iri ɗaya ne. Ki danne shi da yawa shi mutu, ki bar shi a buɗe shi cinye kansa."

Sai shekarun nan suka zo da sama ta ɗauke kai. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Abin da ya fara mutuwa a gari shi ne ƙarar taɓarya. Yau wannan turmi ya yi shiru, gobe wancan. Muka koma daji muna tsinkar jiga, muna ɗibar ƴaƴan anza, mu jiƙa mu zubar da ruwan, mu sake jiƙawa, har ɗacin ya ragu ya zama abin da mutum zai iya haɗiya. Aka tone gidajen tururuwa aka ƙwace musu ajiyarsu. A cikin haka ne wata safiya rediyon mai gari ya kama kiɗan soja ba tsayawa, aka ce mulki ya koma hannun masu kaki. Mu dai abin da muka gani na canji shi ne kamiyo, babbar motar kaya, da kan zo jefi-jefi ya sauke jar dawa mai taurin tsiya, a raba tiya-tiya. Ta riƙe rai, ban raina mata ba.

A bakin gonar mijina akwai wata bukka ta Fulani. Tun kakan mijina dangin masu bukkar suke sauka a gonar bayan girbi, shanunsu su ci kara su bar mana taki, mu ba su hatsi su ba mu nono. Amma a daminar ƙarshe da aka ga ɗan kore, yunwa ta sa shanunsu suka fasa suka shiga gonakin mutane, suka lashe ɗan abin da ake sa wa ido. Aka yi rigima har da sanduna. Maza suka taru a gindin gawo suka yanke cewa daga ranar babu ciniki, babu aro, babu taimako tsakanin gari da bukkar nan. Mai bukkar ya kora ragowar shanunsa ya yi kudu neman ciyawa, ya bar matarsa da ƴaƴa biyu, ya ce zai dawo. Matar sa'ata ce, doguwa, mai tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. A da ita ke kawo mana nono, tana ce mini Kaɗo, ina ce mata Bahillata, muna dariya. Wata rana muka ji ƙaramin ɗan ya rasu. Ita ta haƙa, ita ta rufe, ba ta kira kowa ba. Saura ɗiyar, yarinya mai kamar shekarun fara tallan nono.

Abin ya dame ni. Ranar da aka raba dawa na cika ƙwarya na ɗauka a kai, na bi ta tsakiyar gari kowa na gani, na je na dire mata. Na ce, "Bahillata, ga wannan, ku sa a bakinku saboda Allah." Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni. Leɓenta ya tsage, idanun ɗiyar kuwa sun faɗa can ciki. Ta ce, "Mun ƙoshi, Kaɗo. Yanzu munka tashi daga ci. Kai wa mabuƙata." Ta ɗauki ƙwaryar da hannunta ta mayar mini bisa kai. Na dawo ina kuka don haushi. Na ce wa Iya, "Girman kai zai kashe ta, shi kashe ɗiyar. Ni na fita."

Iya tana zaune tana tsince anza, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ke kinka kai mata kunya a ƙwarya, kina so ta ci ta gode. Matar da shanunta sunka tahi, mijinta ya tahi, ɗanta ya tahi, mi ya rage mata in ba wuyanta da take riƙe a tsaye ba? Shi ma kina so ki karɓe?" Na ce, "To ƙaƙa zan yi, Iya?" Sai ta miƙa hannu ta ɗauko butarta ta alwala, ta ba ni. Ta nuna murhu da haɓa. Ta ce, "Zuba."

Na ce, "Iya, wutarki ce! Wutar da ba ta taɓa mutuwa ba!"

Ta ce, "Zuba na ce. Gobe da sahe ki ɗauki kasko. Wanda kike so shi karɓa daga hannunki, fara miƙa mashi hannun wofi."

Na zuba. Wutar ta yi tsaki ta mutu, toka ta tashi ta shiga mini ido. Washegari na ɗauki kasko, na wuce gidaje da yawa masu hayaƙi, na fita gari har bakin gona. Na yi sallama na ce, "Bahillata, a ba ni wuta. Tawa ta mutu." Ta fito ta tsaya. Ni da ita muka dubi murhunta tare. Duwatsu uku ne da toka mai sanyi, har ƙadangare ya bar sawu a kai. An daɗe ba a ɗora komai a wurin ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na tuna Iya, na tsaya da kaskona a miƙe, na ce, "Yaro na kuka, ban da abin dama mashi kunu." Can sai ta shiga bukka ta fito da ƙyastun mijinta a wata ƴar jakar fata, da audugar tumfafiya. Ta durƙusa tana bugawa, ƙarfen na kuɓucewa. Ban taimaka mata ba. Ɗiyar ce ta kawo busasshen kashin shanu, na shanun da suka tafi. Da wutar ta kama, ta hura ta da ɗan numfashin da ya rage mata, ta zuba mini garwashi, ta ɗora toka a kai kamar yadda ake yi. Ta ce, "Ku Haɓe, ko wuta ba ku iya riƙo ba." Na ce, "Ai shi ya sa Allah ya ajiye ku kusa."

Da la'asar na tuƙa tuwon jar dawa, na yanki malmala na rufe da faifai, na kai. Na ce, "Ga rabon uwar wuta." Na ajiye na juya, ban tsaya ba. Ban ji ta kira ni ba. Da safe na tarar da akushin a bakin danga, an wanke shi da yashi.

Haka muka yi ta yi. Kullum da yamma in zuba wa murhu ruwa, kullum da safe in fita da kasko. Matan unguwa kuwa da suka saba ɗibar wuta a gidanmu ba su fasa ba, kuma ba a ɓoye musu inda take fitowa ba. In mace ta kawo wa Iya lomarta, sai Iya ta ce, "Ba tawa ba ce, ni ma ɗiya ce. Uwar tana bakin gona." Wasu suka riƙa fita kamar za su itace, su ajiye ɗan abin da suka samu su wuce. Ba duka ba. Akwai wadda ta ce gara ta ci ɗanye da ta dafa da wutar masu cinye gonar mutane, ta koma ɗiba a wata unguwa. Ban ga laifinta sosai ba, gonarta ce ta fi ɓaci.

Magana ta kai gindin gawo. Mai gidana ya shigo ransa a ɓace, ya tsaya bisa murhu, ya tura yatsan ƙafa cikin toka. Ya ce, "Ke, wai mi ke kashe wutar gidanga kullum?" Na ce, "Iska, Malam." Ya ce, "Iska mai yawo da buta? Tokar ga jiƙe take! Maza sun yanke magana, ke kin fi su ne? Ana yi mini dariya, ana cewa matata ta zama baiwar Hillani." Na ce, "Ni ban kai mata taimako ba, Malam. Roƙo nake zuwa. In kun hana bayarwa, kun hana roƙo ma?" Ya ɗaga murya ya ce, "Bari Iya ta ji wannan!" Sai muryar Iya ta fito daga ɗaki, a hankali: "Ni na miƙa mata butar." Ya ɗauki hularsa ya fita. Ya yi kwanaki ba ya yi mini magana, amma tuwon yana ci.

Ranar da abin ya zo, ina dawowa ke nan daga bakin gona da garwashi a kasko, sai na ji kukan kamiyo. Wannan karon ba dawa ya kawo ba, mutane yake kwasa. An ba da umarni daga wurin kumandan cewa duk wanda fari ya koro, wanda ba shi da gari ba shi da mai riƙonsa, a kai shi sansani a bayan babban gari inda ake ba da abinci. Ba mugunta aka nufa ba. Amma labarin sansanin ya riga kamiyon isowa. Mun ji yadda ƙyanda da zawo ke shiga cikin yara a can, uwa ta je da uku ta dawo hannu sake. Bayan motar cike yake da mutane zaune shiru, ba mai kallon wani. Wani soja dogo, baƙi, mai tsage a kumatu, ya nuna bukkar da ke fitar da hayaƙi a bakin gona, ya ce wa mai gari, "Waccan fa? Taku ce ko baƙuwa?" Mai gari ya dubi ƙasa. Wani daga baya ya ce, "Baƙuwa ce." Aka je aka taho da ita. Ta zo riƙe da hannun ɗiyar, da ƙwaryar nononta wofi a kai, wuyanta a tsaye. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta ko dubi inda nake ba.

A zamanin nan mace ƙaramar amarya ba ta magana a taron maza, balle gaban mai bindiga. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ba. Na dire kaskon a gaban takalminsa, na durƙusa, na ce, "Ranka shi daɗe, in za ku tahi da ita, ku haɗa da wagga. Wutarta ce. Ba a ɗauke uwa a bar ɗiya." Ya ce, "Mi take faɗi, wannan?" Sai ga Iya ta ratso maza da sandarta. Ta ce, "Yaro, ɗaga kanka ka dubi garinga. Duk hayaƙin da ka gani a unguwar nan, daga bukkar matar ga ya hito. Tuwon da mazan ga sunka ci jiya, har wanda ya ce baƙuwa ce, da wutarta anka dafa shi. In baƙuwa ce, to baƙuwa ta ciyar da gari." Ta juya wajen matan da suka leƙo ta kan danga, ta ce, "Ko ƙarya nike?" Can wata ta ce, "Nawa da ita anka dafa." Wata ta ce, "Da nawa." Sai muryoyi suka yi yawa.

Sojan ya share gumi. Ya ce, "Tsohuwa, ni ba hayaƙi anka aiko ni ƙirga ba. Namiji nike so shi tsaya shi ce ita da ɗiyarta suna wuyansa, ci da sha. In babu, ta hau." Nan fa gari ya yi nauyi. Kowa ya san abin da ke cikin rumbunsa, wato babu. Ina durƙushe, ina jin goyona na motsi a baya, ban yarda na dubi mai gidana ba. Sai na ji gyaran muryarsa. Ya ce, "Gonata take zaune. Tun kakana shanunsu ke takin ta. Tana wuyana." Ya faɗe ta kamar mai haɗiyar anza, amma ya faɗa.

Sojan ya ɗaga kafaɗa, ya yi wa direba hannu. Ya zaro taba ya laluba aljihu bai samu ashana ba, sai ya sunkuya ya kunna a garwashin kaskona. Iya ta buga sanda a ƙasa ta ce, "To, ka ɗebi wuta! Kai ma rabon uwar wuta ya hau kanka." Aka yi masa bayani. Ya yi dariya har ya tuntsure da tari, dariyar farko da na ji a garin tun da sama ta ɗauke. Ya sa aka auno tiya guda daga guzurinsu, aka zuba a ƙwaryar nonon nan. Ta karɓa ba ta ce ta gode ba. Daidai ta yi.

Kamiyon ya tafi da sauran, Allah kaɗai ya san nawa suka dawo. Mijin Bahillata bai dawo ba har abada. Amma ɗiyar ta rayu. Tana wajen Cake yanzu da jikoki da shanu, duk kaka sai ta aiko mini da man shanu a ɗan duma. Uwar kuwa a bakin gonar nan ta tsufa, muka zubar da haƙora tare. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, sai sau ɗaya, muna tsinkar yakuwa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Kaɗo, bakin zanenki kullum jiƙe yake zuwa da toka. Na san da butar." Na ce, "Wace buta?" Ta ce, "Haka ne. Babu buta."

Yanzu kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe. Kowa da birikensa a aljihu. Yaran yanzu har taƙama suke yi da cewa ba su neman komai wurin kowa, kamar wannan abin yabo ne. Ni dai ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba har a sa ni a rami. Wanda ba ya neman komai wurinka ya rufe maka ƙofar da za ka nema wurinsa. Zumunta ba a hannun mai bayarwa kaɗai take ba, rabinta tana hannun wanda ya iya roƙon abin da bai rasa ba.

A jikin katangarmu akwai wata yarinya, mijinta ya tafi arewa neman kuɗi, an daɗe ba labari. Da hayaƙi ne da tuni na karanta gidanta. To gaz ba ya magana. Sai dai na lura yaranta sun daina gudu, kuma ko ƙamshin albasa ba ya tsallako mana. Jiya na tura biriken nan cikin wani tulun ruwa da ba a amfani da shi, na ɗauki tsohon kaskona, na buga ƙofar ƙarfen. Na ce, "Ɗiyata, a ba ni wuta." Ta ce, "Wayyo Inna, gaz ɗina ya ƙare tuni." Na ce, "Ko tsinken ashana babu?" Ta shiga ta lalubo guda ɗaya, ta sa mini a kasko tana dariyar kunya. Da la'asar na kai mata tuwo da miyar kuka, na ce rabon uwar wuta ne. Ta ce, "Mi ke nan, Inna?" Na ce, "Haƙƙinki ne. Kada ki kuskura ki gode."

Da safen nan ɗana ya kira ni a waya, shi da ke bayana ranar kamiyo, shi da kunun wutar roƙo ya tsayar wa ƙafa. Ya ce, "Haba Inna, an ce an gan ki ƙofar mutane da kasko. Mi za a ce da ni?"

Na ce, "A ce uwarka ba ta iya riƙon wuta ba. Kuma ka gaya wa wanda ya gan ni shi fito da wuri gobe, zai ƙara ganina."